Takardun Habibu da na ƙona

Bana shekara tara ke nan da rasuwar ƙanena Habibu, wanda 'yan jami'a ke kira Dakta. A wurina dai Habibu ne, don ni na goye shi.

Duk hutu gidana na Rano yake sauka, wai a Kano hayaniya ba ta barin sa tunani. Zai shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya, ya yi ta cika takardu da lissafi har tuwo ya huce. Yana da wata ɗabi'a tun ta makarantar allo: ba ya fara shafi sai ya rubuta Bismillah a sama.

Bayan sadakar arba'in na buɗe kwalin da ya bari a ɗakina, na tarar gara ta fara ci. Wasu shafukan sun zube ƙasa, kaji na bi ta kai. Ga sunan Allah a kowanne. Na yi abin da aka koya mana: na tattara su duka, na ƙona, na binne tokar inda ƙafa ba ta takawa. A raina na ce na kyauta.

Da damina ta faɗi sai ga wani ɗalibinsa, Malam Nura, ya yi sallama yana neman kwalin. Aikin shekara shida ne, in ji shi, kuma babu kwafinsa a ko'ina. Da na faɗa masa abin da na yi, sai ya tambaye ni.

"Hajiya, bai taɓa gaya miki abin da yake yi ba?"

Na ce ya gaya mini sau ɗaya, ina sheƙar gero. Cewa ya yi, "Yaya, ki watsa geron nan kan turmi. Ko da ƙarfi ko a hankali, yawan wanda zai bugi turmin ya fallatsa ɗaya ne, don faɗin turmin ne ke magana, ba ƙarfin hannunki ba. Akwai ƙwayoyin da ido ba ya gani da ke yin haka in an harba su. Ni ina neman iyakar inda abin ke daina zama haka."

Na ce masa, "To ka gama ka zo ka taya ni, Malam mai turmi."

Malam Nura ya yi dariya, hawaye na zuba. "Wallahi shi ne. Amma iyakar, Hajiya, tana cikin kwalin."

Yanzu ko takardar asibiti ce sai jikokina sun ɗauke ta a waya. Da Habibu ya kai yau, na san tsokana zai yi, ya ce wayar ta zo a makare kamar motar garin Kibiya. Ba zai yi fushi ba, kuma wannan ne ya fi ci mini rai.

Malam Nura na kira duk Sallah. Ya ce ɗaliban Habibu uku suna koyarwa yanzu, shi kuma yana bin sawun aikin, bai kai ba tukuna. Malamai sun ce niyyata mai kyau ce, na kuma yarda. Sai dai lambar wayar abokan aikinsa tana gidan nan a ranar, ban kira kowa ba.

Allah ya jiƙanka, Habibu. Ka yafe wa Yayarka.