Agogon Teku a Gidanmu na Samaru

Maigidana bai taɓa ganin teku ba har ya koma ga Allah, amma shekara talatin yana da agogon shiga teku. Ni kuwa ruwa mafi zurfi da na sani shi ne rijiyar gidan hayarmu a Samaru, ita ma da rani sai an ƙara wa guga igiya.

Aikinsa a gonar gwaji auna ruwan sama ne. Kullum da safe ya je ya duba wata kwalba, ya rubuta abin da ya sauka. Baturen da yake aiki a ƙarƙashinsa, da zai koma ƙasarsu wajen tsakiyar shekarun saba'in, ya kwance agogon hannunsa ya ba shi. Ya yi masa dogon bayani da Turanci, Malam yana ta gyaɗa kai. Abin da ya iso gida da shi guda biyu ne: agogon na masu nutso ne, kuma yana jure zurfin mita ɗari biyu.

Gaskiya abin kallo ne. Ƙarfe ne zalla, nauyinsa kamar ƙaramin kwaɗon ƙofa. Fuskarsa baƙa wuluk, babu lambobi a ciki sai ɗige-ɗige farare masu haske a duhu. Malam yakan cusa kansa cikin babbar riga da rana tsaka don kawai ya ga hasken, baƙo ma sai ya sa shi ya cusa nasa. A kewayen gilashin akwai wani zobe mai lambobi, yana juyawa ƙas-ƙas-ƙas, amma gefe ɗaya kaɗai, ko za ka mutu ba ya komawa baya.

To, mutumin nan mai agogon mita ɗari biyu, in zai yi alwala sai ya cire shi ya ajiye can nesa da buta. In hadari ya haɗu ya naɗe shi a hankici ya tura aljihu. Da damina ta kankama sai ya ce a'a, ba da shi ba. Ya sa shi cikin auduga, audugar cikin gwangwanin alewa, gwangwanin cikin akwati, sai ranar Juma'a za a fito da shi.

Juma'ar farko ya buɗe, ya tarar agogo ya tsaya cik. Ranar ko tuwo bai ci ba. Na ji tausayinsa, na kuma ji haushi, don ni ko zazzaɓi na yi bai taɓa fasa cin tuwo ba.

Ranar Litinin yana fita aiki na ɗauko mabuɗi daga ƙarƙashin katifa, inda yake tsammani ban sani ba. So nake kawai in ji yadda abin yake a hannu. Na ɗaura, ya yi mini yawa, na tura shi sama har kusa da gwiwar hannu, na tafi dakan gero. Ina cikin tankaɗe na duba, sai ga siririyar allurar sakan tana tafiya sumul. Na yi ta taɓe-taɓe har na gano ɗan kan da ke gefe ana kwance shi ne kamar murfin kwalba, a ja shi, a gyara lokaci, a mayar a ɗaure. Na daidaita shi da labarun rana na rediyo.

Ban san komai game da injinsa ba, amma na gane abu ɗaya: in hannu na motsi yana raye, in an ajiye shi kwana biyu ya mutu. Daga nan kullum ni da shi. Daka da shi, wanki da shi, wanke-wanke da shi. Ba na teku ba ne? Zoben nan kuma ashe amfani gare shi. In na ɗora alala sai in juya alamarsa daidai da doguwar allura, ban sake ƙona tukunya ba. Kafin La'asar in goge shi in mayar cikin auduga.

Malam da ya ga agogo ya farfaɗo, sai ya zama malamin agogo. Ina jin sa a zaure yana gaya wa abokansa, "Irin wannan hutu yake so. Zafin Zariya ba nasa ba ne. Ka ba shi auduga da duhu, shi ke nan." Ni ina tsakar gida ina cizon gefen zane.

Sai haihuwar fari ta zo, aka kai ni gidanmu a Dogarawa wankan jego, kwana arba'in. Duk zuwan da Malam zai yi, fuskarsa a murtuke. Innata har tana yaba shi, wai yaron nan akwai kunyar ɗan fari. Ni na san abin da ya mutu. Ya faki idon mutane ya ce mini a hankali, "Ya sake tsayawa. Na ƙara masa auduga, bai tashi ba."

Ranar da aka mayar da ni Samaru, ban ko kwance kaya ba maƙwabciyata ta ce ai Malam ya hau keke tun hantsi, ya tafi kasuwar Sabon Gari wurin mai gyaran agogo. Na san mutumin. Shi ya buɗe agogon bangon Babana, ya mayar da shi da ragowar ƙusoshi uku a takarda. In ya buɗe wannan, an gama. In kuma na hana, sai na faɗi abin da na yi wata huɗu ina yi. Na goya jaririya na tari mota.

Na same su a rumfa. Mai gyara ya maƙala gilashi a ido ɗaya, ya kife agogon a kan tsumma. Bayansa ba shi da wurin sa farce, don haka ya ɗauko wuƙa da 'yar guduma.

"Oga, wannan sai an buga masa kaɗan," in ji shi.

Na ce, "Kada ka taɓa shi."

Malam ya waiwayo. "Ke, me ya fito da ke? Yau fa kika yi arba'in."

"Malam, ba ni shi tukuna."

A gefen rumfar akwai wata mai sayar da sakwara. Na gaishe ta, na roƙi aron taɓarya. Na ɗaura agogo, na shiga kirɓa mata doya a tsakiyar kasuwa, da goyo a baya, mutane suna taruwa. Da na yi gumi na miƙa wa Malam hannuna. Allura tana tafiya. Tun da asirina ya riga ya tonu, sai na ƙarasa: na tsoma hannun har gwiwa cikin bokitin wanke kwanukanta. Malam ya dafe teburin mai gyara. Na fito da shi yana ɗigar ruwan sabulu, yana tafiyarsa. Mai gyara ya cire gilashin idonsa ya ce shi ma dama abin da yake zargi ke nan.

Malam ya juya ya bar rumfar. Ya tura keke, ina biye, har muka kusa tasha. Can ya ce, "Tun yaushe?"

"Tun farkon damina."

"Har da wanke-wanke?"

"Har da jiƙon wake."

Na ɗauka ranar zan koma Dogarawa. Sai ya tsaya, ya kama hannuna a bainar jama'a, abin da bai taɓa yi ba, ya matse ɗaurin agogon yadda ba zai zame ba. Ya ce, "Ranar Juma'a dai ki riƙa ara mini." Kuma har ya rasu, in zai yi alwala ranar Juma'a sai ya cire shi.

Yanzu rabona da taɓarya ya fi shekara ashirin, kafaɗa ta ƙi, kuma komai inji ake kaiwa. Amma agogon kwana biyu kawai yake ɗaga wa mutum ƙafa. Shi ya sa kowace safiya nake zama a bakin ƙofar ɗakina ina kaɗa hannu sama da ƙasa. Jikokina suna dariya, wai Kaka wa take ɗaga wa hannu. Ba na ba su amsa. Tun ranar kasuwar nan, sau ɗaya na bar shi ya tsaya, a makon da aka yi rasuwar, kuma ban ji daɗin shirun ba.