Ɗakin da Ba a Ɗauke wa Wuta

A unguwarsu ba wanda ke kiransa da sunan yanka. Baba Testa ake ce masa, saboda testa, ɗan sukundireban gwada wuta da ba ya rabuwa da bayan kunnensa. Matarsa kan ce duk ranar da aka ga kunnen nan fayau, to daga wanka ya fito.

Ya koyi aikin wuta tun lokacin da ake kafa falwaya a titunan garin, a hannun wani ubangida mai zafin rai wanda wuta ta taɓa cinye wa yatsa. Mutumin nan bai iya yabo ba, amma ya bar masa dokoki biyu da ya riƙe kamar gadon uba. Ta farko, wayar wuta ba ta tafiya a fili, sai a cikin bango. Ta biyu, layi biyu ba sa shiga ɗaki ɗaya, domin wata rana wani zai kashe ɗaya ya sa hannu, ɗayan ya ɗauke shi.

Zamani ne mai daɗi ga mai aikin wuta. In ya gama ja wa gida waya, sai mutan gidan su taru a tsakar gida, ya sa mafi tsufa a cikinsu ya danna makunni. Ƙwan fitila ya kama, yara su ɗauki ihu, tsoho ya yi ta kallon yatsansa. Har yau in Baba Testa ya bi ta waɗannan titunan ba fenti yake gani ba, hanyoyin da ya bi da waya a cikin bango yake gani, ya san inda ya yi kwana da inda ya ƙulla.

Amma a cikin duk aikin da ya yi a duniya, wanda ya fi alfahari da shi yana gidansa. Gidan dogo ne, ƙofarsa na kallon wani titi, bayansa na jingine da wani. A ɗakin ƙarshe mahaifiyarsa take, Iya, wadda idonta ya yi rauni. Wata rana aka ɗauke wuta, ta tashi neman ashana ta faɗi a bakin gado. Baba Testa ya je ya nemi izini wajen masu wuta, ya jawo wa ɗakin layinsa na kansa daga titin baya, da ’yar mitarsa daban. Titin baya ba taransifomarsu ɗaya da na gaba ba, kuma da wuya a ɗauke musu wuta a tare.

Daga nan ɗakin Iya ya zama fada. Da zarar gaban gida ya yi duhu, sai ka ga ana tururuwa. Dogo, babban ɗansa, da littattafan makaranta. Auta, ƙaramar ’yarsa, da ’yar tsanarta. Matarsa, Innar yara, da dutsen guga. Har maƙwabta su leƙo wai gaisuwa suka zo. Iya na tsakiyar gado tana mita an cika mata ɗaki, alhali in ba a zo ba ita ke aikawa a ji ko lafiya. Baba Testa kuwa a bakin ƙofa yake tsayawa, hannu a baya, yana kallon ƙwan kamar shi ya ƙirƙiro haske. Bai taɓa jin daɗin da ya kai na waɗannan maraicen ba.

Shekaru suka ja. Iya ta rasu, Innar yara ta koma ɗakin. Dogo ya buɗe shagon taya. Auta ta yi aure, miji ya tafi da ita wata ƙasa mai nisa. Hannun Baba Testa ya fara rawa, masu kiran aiki suka koma kiran yaran da ya koya wa.

Sai Innar yara ta kwanta. Ƙugu ne ya fara, ƙirji ya biyo baya, har ya zama ko juya ta aka yi sai ta yi ƙwalla. Likita ya ce kada a ɗaga ta daga gadon, sannan ya ja Baba Testa da Dogo gefe ya gaya musu abin da ba a faɗa a gaban mara lafiya. A tsakiyar haka Auta ta haihu, kuma ba halin tahowa.

Matsalar ita ce ɗakin ba sabis. Tun da aka gina benaye a titin baya, wayar hannu in ta shiga nan sai ta zama madubi. Akwatin intanet da Dogo ya sa yana falo, can gaban gida, kuma bangon da Baba Testa ya yi ta fahariya da kaurinsa ya hana komai wucewa. Dogo ya gwada jan doguwar waya ta tsakar gida, uban ya kau da kai kamar bai gani ba, ɓeraye suka yi masa maganinta. Sai suka koma ɗauko mata hotuna daga falo. Ta duba, ta shafa, ta miƙa.

“Hoto ba ya amsa magana,” in ji ta. “Ni so nake in ce mata Auta, ta ce na’am.”

Wata rana Dogo ya shigo da kwali, ya fito da wasu ’yan akwatuna biyu farare, kowanne bai fi sabulun wanki ba.

“Baba, adafta ce. Ɗaya a soket ɗin falo, a haɗa ta da akwatin intanet. Ɗaya a soket ɗin Inna. Sai intanet ɗin ya bi ta cikin wayar wutar gidan ya fito can.”

“Ta cikin wace waya?”

“Taku, Baba. Wadda kuka ja.”

“Kai Dogo, ka raina ni. Wayar da na sani tun tana nannaɗe a shago, ita ce za ta ɗauko fuskar mutum?”

“Gani ya kori ji, Baba.”

Suka gwada tsakanin falo da kicin. ’Yar fitilar jikin adaftar ta yi ƙyafta-ƙyafta, ta tsaya kore shar. Baba Testa ya yi gyaran murya ya ce ai dole, waya ce ta ƙwarai, ba irin ta yanzu mai kama da zare ba. A ransa kuwa wani daɗi ne ya cika shi. Ashe duk shekarun nan aikinsa na kwance a bango da wata baiwa da shi kansa bai sani ba.

Aka kai ta ɗakin Innar yara. Fitilar ta yi ta ƙyaftawa, ta ƙi tsayawa. Dogo ya danna, ya cire, ya mayar, ya hura soket ɗin, ya fara zagin mai shagon da ya sayar masa.

“Bar bawan Allah,” in ji uban daga bakin ƙofa. “Ruwa ba ya tsami banza. Ɗakin nan ba daga gidan nan yake shan wuta ba, ka manta? Wayarsa ba ta taɓa gaisawa da ta falo ba.”

Dogo ya ce to a ja wa soket ɗin sabuwar waya, a bar fitila da fanka a tsohon layi. Uban ya girgiza kai. Bututu ɗaya ne a bangon, sabuwar waya sai an fasa, kuma ƙirjin Innarsa ba zai ɗauki ƙura ba.

“To a sa makunnin sauya layi, Baba. In an ɗauke nan a juya can. Kowa haka yake yi yanzu.”

“Kowa ba ni ba ne. Layi biyu ba sa shiga ɗaki ɗaya. Bayan raina wani zai zo gyara, ya kashe mitar gaba ya sa hannu. Ba zan bar tarko a gidana ba.”

Dogo ya san in uban ya kafe, gara ka yi gardama da falwaya. Hanya ɗaya ta rage, a yanke layin baya gaba ɗaya, a haɗa ɗakin da na gida. Daga ranar, in an ɗauke wa gida wuta an ɗauke wa ɗakin, fankar da ke taimakon numfashinta ta tsaya.

Baba Testa ya zauna a bakin gadon ya yi mata bayani dalla-dalla, kamar yadda yake yi wa masu gida kafin ya fasa musu bango. Yana fata a ɓoye ta ce a bari. Ta saurare shi har ya gama.

“Baban Dogo, haske dai na sha shi a ɗakin nan, Allah ya saka maka. Yanzu ’yata nake so.”

Bai yarda wani ya yi aikin ba. Dogo ya kashe mitocin biyu ya riƙe tsani, uban ya hau a hankali, gwiwa na ƙara. Ya buɗe akwatin da ke saman ƙofar, ya tarar da ƙullinsa yadda ya bar shi, tsaf, ko tsatsa babu. Ya tsaya yana kallo. Baƙin ciki ya kama shi sosai, irin na wanda zai rushe ɗakin da aka haife shi. Ya gwada da testa duk da ya san ba wuta, ya sa filaya ya datse. Sauran aikin, na ƙulla ɗakin da tsohuwar wayar gida da ke cikin akwatin tun asali, hannunsa ne ya yi, kuma bai yi rawa ba sai da ya sauko.

Aka kunna mita. Fitilar adaftar ta ƙyafta, ta tsaya kore.

Da yamma Dogo ya kira Auta, ya jingina wayar da matashi a gaban uwar. Fuskar Auta ta fito, da ɗankwali a karkace.

“Auta.”

“Na’am, Inna.”

Daga nan sai kuka, ita da ’yar, har Dogo ya fita tsakar gida wai zai duba wani abu. Aka ɗago jaririn, ya yi hamma a fuskar kakarsa, ta ce ka ji mara kunya. Ta tambayi ko yana kama nono, ko cibiya ta warke, ko akwai mai taya ta wanki. Baba Testa na tsaye yana jin muryar ’yarsa, yana tunanin ta cikin bangon nan ta biyo, ta kwanar da ya yi a bayan kicin.

Rana na gab da faɗuwa aka ɗauke wuta. Fuskar Auta ta daskare, ta ɓace. Fanka ta yi juyi kaɗan ta tsaya. Ta taga yana hango fitilun titin baya suna ci abinsu, ɗakin kuwa ya yi duhu. Ya lalubo kwalin adaftar ya zauna yana yi mata fifita, ya kasa haɗa ido da ita ko a duhun.

“Ki yi haƙuri, Innar yara. Da ban taɓa ba…”

“Ka ga wuyanta kuwa?” ta katse shi. Muryarta ta fi ƙarfin yadda ya ji ta a ’yan kwanakin nan. “Duk ta rame. Yarinyar nan ba ta cin abinci, kuma ga shayarwa. Gobe da an kawo wuta ka tashe ni, ko barci nake yi. Faɗa zan yi mata.”