Tsanin Madam Na'omi

"Ba za ki sake hawa shi ba, Inna. Na faɗa, kuma ba wasa nike ba."

"Wa ka faɗa ma? Ni, ko bangon ga?"

Bangon da take nufi shi ne ya raba gidanmu da na Madam Na'omi a Dogon Dutsi, kuma bangon laka ba ya riƙe wa kowa sirri. Mai muryar namijin ɗanta ne, Élisée, ma'aikacin gwamnati a Doso, wanda ya iso da hantsi cikin motar buro, wato ofishinsu. Abin da suke faɗa a kai tsani ne.

"Gwiwarki ta kumbura, lokotoro ya ce ki huta. Na gyara miki ɗaki a Doso, har da panka. Ki haɗa kayanki mu tahi."

"Gwiwata ta daɗe tana kumbura, Élisée. Yau ka ji labarinta?"

Duk unguwa mun san amsar, shi ma ya sani.

Madam Na'omi malamar Ingilishi ce da ta yi ritaya. A wani ƙauye kusa da Tibiri aka haife ta. Ubanta mai wa'azin coci ne, shi ya tura ta karatu ƙetaren iyaka, ta dawo da Ingilishi a bakinta a ƙasar da lakwal, wato makarantar boko, da buro duk Faransanci suke ji. Aikinta na farko a Dogon Kiriya ne, a aji na zana, littafi guda ga yara masu yawa. Nan ta lura da wani abu. Yara na haddace manyan kalmomi ba wahala: gida, kasuwa, jaki. Inda suke faɗuwa ƙananan kalmomi ne, masu nuna ciki da waje, sama da ƙasa, nan da can. Ta kuma lura cewa a bakin masu harshen, waɗannan kalmomi ba sa yawo su kaɗai. Kullum ɗaya na riƙe da hannun wata: "from above", "over there", "under this". Sai ta daina rubuta su ɗaiɗai a allo. Ta fitar da ajin waje, ta hau amalanken wani manomi, ta jefo hula daga sama, ta ce su faɗi daga inda hular ta fito.

Diraktan lakwal ya ce wannan ba karatu ba ne. Ta ce ya zo ya riƙe mata jakin kada ya motsa.

Da aka maida ta Ɗan Kassari, mijinta Laurent, kafinta, ya gaji da jin an ce matarsa na hawa amalanken mutane. Ya sassaƙa mata tsani mai faɗin matakala, daidai tsayin ƙafarta. Tsanin ya bi ta duk inda aka tura ta, har ya dawo da ita Dogon Dutsi. Laurent ke riƙe mata shi in yana gida. Bayan rasuwarsa, ɗalibai ke riƙewa.

Yanzu tsakar gidanta ne ajinta. Da la'asar 'yan mata masu shirin jarrabawar birebe ta gama ƙaramar sakandare kan cika shi, da 'yan kasuwa irin su Karima mai atamfa, wadda ke sayen kaya ta waya daga Legas, ta gaji da a kawo mata na saman jeri alhali na ƙasa ta nuna. Madam kan ɗaure zane da kyau, ta jingina tsani a soron kicin, ta hau. Daga can take ba da umurni. Wannan ta shiga ƙarƙashin rumfa, waccan ta laɓe bayan randa, kowa ta faɗi inda take da Ingilishi, da ƙarfi, har mu maƙwabta mu ji. Wadda ta yi kuskure za ta tsaya inda bakinta ya ce, ba inda ta nufa ba. Na taɓa ganin Karima, babbar mace da gwal a wuya, tsaye cikin turken awaki tana dariya har da hawaye, don abin da ta faɗa ke nan.

Tsofaffin unguwa sun daɗe suna cewa aljana doguwa ce ke ɗaga ta sama, don mace mai jikoki ba ta hawa soro da hankalinta. Dattawan coci sun yi mata magana a hankali. Ba ta kula kowa ba, kuma duk wannan bai taɓa taso Élisée daga Doso ba.

Abin da ya taso shi waya ce. Wata ɗaliba, Mardiyya, ta ɗauki Madam bidiyo tana bisa tsani, ɗankwali ya zame, tana kaɗa ludayi tana ihu da Ingilishi. Bidiyon ya zaga gari, ya kai Doso, ya shiga buron da Élisée ke jiran ƙarin matsayi. An ce in ya shigo da safe, wani kan ɗaga biro sama ya kwaikwayi muryar uwarsa.

Bai faɗi wannan ba. Gwiwa ya yi ta ambata.

"In kika faɗo fa? Wa za a zaga? Ni za a ce na bar uwata tana hawa soro kamar mai gyaran rufi."

"Yawwa, ga ta nan ta fito," in ji Madam. "Za a ce. Ba gwiwata ke maka ciwo ba, ɗana, wayarka ce."

"Inna, don Allah."

"Kai da wa ka koyi Ingilishin da kake taƙama da shi a buro? In baƙi sun zo, wa ake kira ya yi musu magana? A gindin tsanin ga ka koye shi, majina na zuba, kana kukan sai an bar ka ka hau."

"Wancan lokacin daban ne."

"To, in tsoron faɗuwata kake, ga la'asar ta kusa. Cire rigar buro ka riƙe mini shi, kamar yadda ubanka ya yi. Bai taɓa jin kunya ba."

Ina ganin nan ne ta yi masa rauni, kuma da gangan ta yi. Ita ma ba don ɗalibai kaɗai take hawa ba. A Doso za ta zama tsohuwa a kujera, ana miƙo mata abinci, ana rage muryar talabijin don ta yi barci. A bisa tsanin nan kuwa, duk tsakar gida ita ake kallo, ita ake jira. Kuma matakalan hannun Laurent ne ya goge su. Ba ta taɓa faɗin haka ba, amma ban taɓa ganin ta bar tsanin ya kwana cikin ruwan sama ba.

Élisée bai cire riga ba. Na ji ƙarar itace na gogar ƙasa, na fito ƙofa. Shi da direban motar suka fito da tsanin, suka ɗora bisa mota, suka ɗaure da igiya. Ɗalibai sun fara isowa, suka tsaya cirko-cirko da littattafai a hannu. Mardiyya ta ɓoye wayarta cikin hijabi.

Ya buɗe ƙofar mota ya tsaya, yana kallon ƙasa.

"Inna, tsani zai tahi Doso. In kina son shi, kin san inda yake. Ga wuri, shigo."

Lissafinsa ke nan: inda tsanin ya nufa, can za ta bi, kamar yadda tsanin ya bi ta shekara da shekaru.

Madam Na'omi ta fito bakin zaure tana ɗingishi kaɗan, ludayi a hannu. Ta daɗe tana kallon tsanin, har na zaci za ta taka zuwa motar. Sai ta juya ta dubi rumbun hatsin da ke tsakar gida, wanda ya fi soron kicin tsawo, ta auna shi da ido daga gindi har kai. Ta ce wa Karima ta shigar da yara, a gangaro da turmi a jingina da rumbu, a ɗora kujera a kai.

Sannan ta dubi ɗanta.

"Ka sa shi a inuwa, ba ya son rana. Ka gaida mini mutanen buro, ka ce su cika wayoyinsu da caji. Yau rumbu zan hau."