Awon Tsinken Tsintsiya

Wata Laraba ce a damanar 1967, ruwa ya ɗauke da hantsi, indararo bai gama ɗiga ba, Yaya Habu ya kira ni bakin rijiyar gidanmu da ke Yakasai ya ce in miƙo hannu. Shekarata bakwai a lokacin, kuma ni ce auta. Ya zaro tsinke daga tsintsiyar Inna, ya haɗe min yatsu biyu, manuniya da ta tsakiya, ya gitta tsinken a kansu, ya datse shi da haƙori daidai faɗinsu. Sai ya cusa guntun a naɗin hularsa, ya ce, "Auta, kin kusa fita daga sahun 'yan koyo. In na dawo zan sassaƙa miki siririya." Ban tambaye shi inda za shi ba, don murna ta cika min ciki. Washegari ya bi samarin unguwa zuwa bariki, aka rubuta shi soja.

Yaya Habu yaron kafinta ne a Ƙofar Wambai, kuma shi ya kawo mana wasan da muke kira motar yatsa. Ba ta da kai ba ta da bodi, ɗan falankin katako ne kawai da bai wuce tsawon tafin hannu ba. Ƙafafunta katakon zaren tela ne da ya ƙare, a yayyanka shi a zura masa wayar ƙafar keke. A samanta yakan shafa ƙaro ya barbaɗa rairayi mai laushi don kada yatsa ya zame. Sai ka ɗora yatsu biyu kamar ƙafafun mutum, ka tuƙa ta a kan dakali, ka sha kwana, gwanaye har tsalle suke sa ta yi ta haye murfin kwano. Yaran layinmu kowa siririya yake so, mai gudu, amma Yaya ba ya barin yaro ya zaɓa da ido. Sai ya auna yatsunka tukuna. Ɗan koyo kuwa mai faɗi yake ba shi, mai ɗan nauyi, ya matse mata ƙafafu don kada ta kuɓuce. In yaro ya ɓata rai ya ce wannan ai jaka ce, sai Yaya ya yi dariya ya ce, "To hau jakar tukuna. Motar ɗan koyo ita ce mai jiran mai ita."

Tawa jakar ita ta riƙe ni duk tsawon yaƙin basasa. Da safe makarantar allo, in na dawo in kai niƙa, in yi wanke-wanke, in zuba wa awaki dusa, sannan in lallaɓa bayan rumbu inda daɓen ya fi santsi. Ƙawayena suna carafke da gaɗa a soro, suna tsokanata wai na zama namiji, ni kuwa ina can ina koyon tsalle, don ranar da Yaya zai dawo ya tarar na cancanci siririya. Da magariba Baba da maƙwabta sukan kewaye rediyo a zaure, a yi tsit ana jin sunayen garuruwan da ba mu taɓa ji ba. In aka ji kuka ya tashi a wani gida, mata su yafa mayafi su fita ba mai tambayar wani.

Yaya shi ne ɗan fari, mu kuma asalinmu Fulani ne, saboda haka Inna ba ta taɓa kama sunansa ba, ba ta kuma tambayar labarinsa a gaban mutane. "Wancan" take ce masa. Amma na lura duk sanda ƙarar ƙafafun motata ta tashi a kan daɓe, taɓaryarta takan tsaya cak a cikin turmi. Sau ɗaya ta ce min, ba tare da ta dube ni ba, "Ki riƙa goge mata laka, mai ita ba ya son ƙazanta."

Yaƙi ya ƙare, sojoji suka yi ta dawowa a jirgin ƙasa, gida-gida ana guɗa. Ni kullum in share dakali in zauna da jakata. Sai wata rana da la'asar wani soja mai dogara sanda, Bazazzagi, ya yi sallama da Baba. Sun daɗe a zaure. Da Baba ya shigo, fuskarsa kaɗai ta isar da saƙon. Yaya ya rasu a bakin wani kogi, saura kaɗan a daina harbi, can aka binne shi. Baƙon ya ce akwai amanar auta, aka kira ni. Ya kwance wani ƙyalle, sai ga siririya, sumul, an goge ta har tana sheƙi, da guntun tsinken nan ɗaure a jikinta. Ya ce daga katakon akwatin harsashi Yaya ya sassaƙa ta, in an sami sararin hutu sai ya ciro tsinken daga hula ya gwada, abokai suna yi masa dariya.

Na durƙusa a nan zauren na ɗora yatsuna. Suka zarce ta, gefe da gefe. Na matse su, na karkata su, ina, ba su zauna ba. Yaya ya yi aikinsa daidai, ko gashi bai kuskure ba, ni ce na girma ban sani ba. A nan kukan ya zo min. Inna ba ta yi nata a gaban kowa ba. Ta karɓi motar ta juya ta a tafinta, ta shafa rairayin da babban yatsa, ta ce, "Hannunsa ne," ta shige ɗaki ta saki labule.

Bana jikana Abba ya ishe ni da zancen wata irinta ta kanti, mai zane-zane da ƙafafun roba, wai yayinta ake yi. Kafin mu tafi kasuwar Ƙofar Wambai sayo masa na karyo tsinke na ce ya miƙo hannu. Ya ƙyalƙyale da dariya ya ce, "Haba tsohuwa, ai duk girmansu ɗaya, inji ne yake yi!" Na ce, "Maigida, kai dai miƙo." Gaskiyarsa ne, a kanti an zube su tuli guda, ba mai tambayar yatsun kowa. Na dai lalubo masa mai matsattsun ƙafafu, wadda za ta jira shi. Da muka dawo na buɗe adakata na ɗauko ta Yaya, na gwada sabon tsinken da tsohon, suka zo kai ɗaya. Abba ya ɗora yatsunsa, suka zauna ɗas. Har na buɗe baki zan ce masa sai ya iya tukuna, sai na fasa, na damƙa masa ita a hannu. Mota takan jira mai ita, yatsun yaro ne ba sa jira.