Ranar da Na Sa Hajiya a Bayana

Kakata ce ta fara koya mini halin biri. Gonarmu tana gindin dutse, kuma da masara ta nuna sai gwaggon biri ya sauko da rundunarsa. Namijin ya ninka macen girma, ga fiƙa kamar ɗan yatsa, kuma ba ya ganin mace da gashi. Idan kakata ce da gadi, sai ta zura tsohuwar babbar rigar kakana, ta kafa hularsa, sannan su ji tsoronta. Takan ce mini, "Babban kaɗai za ka tsare da ido. In ya juya, duk sun juya."

Fatauci ya kai ni wurare bayan haka. A tsaunukan Habasha na ga birai masu jan ƙirji, namijin da gashi kamar alkyabba, matan ƙanana a gefensa. A Malesiya na ga masu dogayen hannuwa da ba sa saukowa ƙasa, miji da mata girmansu ɗaya. Na lura cewa inda namiji ke tare mata da yawa a fili, nan yake zama ƙato, inda kuma ake zaman biyu-biyu a kan itace babu wanda ya fi wani. Sai na ɗauka na gama sanin biri.

Shekarar da matata Hajiya ta biyo ni Guangzhou a ƙasar Sin, ciwon suga ne ya kawo ta. Likita ya gaya mana, ni na fassara mata, cewa ko ƙwarzane ta samu zai iya ƙin warkewa. Mun riga mun ga haka a wajen yayarta, wadda ƙaya ta soka a ƙafa har aka kai ga yanke ƙafar. Tsawon wata guda Hajiya tana zaune a ɗakinmu na unguwar Xiaobei, daga asibiti sai taga. Ran wata Asabar na ce ta shirya mu sha iska, muka hau mota zuwa wani tsauni a bayan gari inda birai ke yawo sake.

Biran nan masu launin ƙasa ne, da jajayen fuska. Namijin ya fi macen, amma ba can ba. A wata 'yar siririyar hanya tsakanin gora muka tarar da babbansu zaune a kan dakali, shi kaɗai.

"Koma bayana," na ce. "Ba sa girmama mata."

"Alhaji, a nan ma?" ta ce, tana dariya. "Ashe danginku ne."

Na miƙe ƙirji na kafa masa ido yadda aka koya mini. Ya ɗaga gira, ya buɗe baki, bai juya ba. Ina cikin wannan sai na ji muryarta ƙasa-ƙasa a bayana.

"Kai, ɗan nema, sakar mini mayafi. Ina uwarka?"

Na waiga. Wani jaririn biri ya kama gefen mayafinta yana lilo, ita kuma ta sunkuya ta miƙa hannu, kamar yadda take yi wa kowane jariri a gidan suna. Uwar tana taku uku daga ƙafarta. Ƙarama ce, ba ta wuce ƙatuwar kyanwa ba. Ta yi wata ƙara, sai gora ta fara motsi. Matan birai suka fito, ɗaya bayan ɗaya, har na daina ƙirgawa, suka yi wa Hajiya zobe. Silifas ne a ƙafar Hajiya. Ban ga komai ba a lokacin sai yatsunta a waje da haƙoran da ke kusa da su. Harsuna biyar nake ji, na rasa kalma ko ɗaya, sai Innalillahi. Na duƙa zan ɗauki dutse.

Wata tsohuwa mai shara, 'yar ƙasar, ta daka mini tsawa daga nesa. Sinancina na kasuwa ne, amma na gane: kada ka jefa, kada ka kalle su. Ta nuna kafaɗarta, ta yi alamar zame mayafi.

"Hajiya, sauke idonki. Saki mayafin."

"A gaban mutane?"

"Don girman Allah, saki."

Ta sake shi a hankali. Ya zube ƙasa da jaririn a ciki, uwar ta fizge ɗanta ta manna shi a cikinta, sauran suka ja mayafin cikin gora. Muka riƙa ja da baya, idonmu a ƙasa, har muka iso wajen tsohuwar. Babban da na tsare da ido ko motsi bai yi ba, yana kan dakalinsa yana susa.

Na durƙusa a kan hanyar na cire mata silifas, na duba yatsun ɗaya-ɗaya, na duba dunduniya, na sake dubawa. Babu ko ƙwarzane. Na ci gaba da dubawa, har ta dafa kaina ta ce ya isa.

Ba mayafi, sai ɗankwali, ta rungume kafaɗunta. Na cire babbar rigata na zura mata. Haka muka sauko daga tsaunin, tana jan rigar a ƙasa, ita a gaba, ni a baya inda zan riƙa ganin ƙafafunta.