Farquhar Matheson da bishiyar da ta tsiro a gadar soja

Kowace Litinin, ƙarfe bakwai da rabi na safe, Farquhar Matheson yakan ajiye motarsa a bakin kogin Corrach, ya gangara ƙarƙashin gadar soja da 'yar gudumarsa. Yakan bi duwatsun yana ƙwanƙwasawa yana saurare. Wanda ya yi amon tulun da babu ruwa, sai ya shafa masa alli. Shekara talatin da huɗu ke nan yana haka, kuma ba wanda ya ɗauke shi aikin. Ƙarshen watan nan zai ajiye cokalin gini. Shekarunsa saba'in da biyu, gwiwoyi sun ƙi.

Sojojin gwamnati ne suka gina gadar kusan shekara ɗari uku da suka wuce, lokacin da suke shimfiɗa hanya cikin tsaunukan nan don su lanƙwasa kakanninmu. Yau doka ce ke kare ta. Ba a ɗaga ko dutse ɗaya sai da takarda. Mota ba ta bin ta, tumakin Ishbel Gillies ɗari uku ne ke hayewa zuwa makiyayar tudu. In babu gadar, zagayen mil sha ɗaya ne ta bakin kwalta. Ishbel ta sha faɗa cewa ranar da aka rufe gadar, ranar za ta sayar da garken.

Shekara shida da suka wuce saura ƙiris a kai ga haka. Bishiyar rowan, mai jajayen 'ya'yan nan, ta tsiro a katangar gadar, saiwarta ta buɗe tsaga da hannu ke shiga. Injiniyar hukumar kayan tarihi, Rhona Beaton, ta auna ta rubuta: a cire bishiyar kafin ƙanƙarar Oktoba, ko a rufe gadar. Gaskiya ta faɗa. Sai dai a kwarin nan ba a sare rowan, mun tashi mun ji cewa mai sare ta masifa yake jawo wa gidansa. Kowa zai ce maka camfi ne. Amma a makon da takardar ta fito, injin yankan itace na kowane gida ya lalace lokaci ɗaya.

Ina wurin ranar da aka taru a kan gadar.

"Ishbel, tumakinki ne fa a ciki," in ji injiniyar.

"Na ji, 'yar nan. Ba dai da bakina za a ce a sare ta ba."

"Ki kawar da kai mana, in kira masu zarto daga birnin Inverness."

"Su zo. Karnukana ba su karya kumallo ba tukuna."

Farquhar yana durƙushe yana leƙen tsagar. Bai ɗago ba ya ce, "Takardarki cewa ta yi a sare, ko a cire?"

"A cire."

"To, a ba ni sati bakwai."

"Kai tsohon nan," in ji Ishbel, "sati bakwai ka yi kana gyara min murhu, har yau hayaƙi yake."

"Murhun lafiyarsa lau. Girkin ne."

Da takardar izini ta iso, ya kwance katangar da hannu, dutse ɗari da sittin da uku. Kowanne ya rubuta masa lamba, ya jera su kan ciyawa yadda suke a jikin ginin. Ya bi saiwar da cokalin cin abinci da burushi har ya zare ta ba tare da ya tsinka babbar jijiyar ba. Mutum huɗu suka ɗauki bishiyar a baro, aka dasa ta taku ashirin daga bakin ruwa. Sannan ya mayar da kowane dutse gurbinsa da kwaɓin farar ƙasa da yashin kogin. Ya ƙi siminti, domin siminti yana riƙe ruwa, ƙanƙara ta zo ta fasa dutsen. Ya lulluɓe aikin da jiƙaƙƙun buhuna ya yi ta yayyafi har ya kama. Kwana tara bayan ya gama, ƙanƙara ta sauka.

Injiniyar ta dawo ta auna, ta sa hannu. A rahotonta layi ɗaya ya samu: "magini na yankin."

Farquhar, kai ne ka ga cewa injiniya tana da gaskiya kuma Ishbel ba ta yi wauta ba, ka nemo hanyar da ba ta kunyata kowa. Kai ne mai haƙurin da ya fi na dutse. Na san za ka ce na cika surutu, don haka na tsaya nan. Mun gode.

Abin da ya rage namu ne. Daga wata mai zuwa babu mai sauka ƙarƙashin gadar, kuma babu wani a kwarin nan da ya iya kwaɓin farar ƙasa. Ya ce zai koya wa duk mai so, ranar Asabar, a bayan gidansa, shi a zaune. Zuwa jiya mutum ɗaya ya ba da suna: Ishbel Gillies, mai shekara sittin da takwas. Ta ce ba za ta jira sauranmu ba.