Tulun da ke shagon Rabiou

Ban san sunanta ba. Doguwa ce, ta haura sittin, an ɗaure ƙafar tabaronta da zare, ledar busasshen kifi a hannunta. Tana tsaye a ƙofar shagon Rabiou mai kayan tarihi a unguwar Nkembo, inda nake jiran taksi. Rabiou yana yi wa wani Bature bayanin wani dogon tulun yumɓu mai siffar kan mutum a samansa. Da Faransanci yake cewa tulun amare ne, wai da shi ake shayar da ango a zamanin da. Baturen yana murmushi, yana shafa wuyan tulun.

Da matar ta buɗe baki, Hausar Nijar ce.

"Kai yaro, ka ji tsoron Allah! Wannan bisa kabari ake kife shi. Ruwa ya tono irinsa a gonar babana, da ƙasusuwa ƙarƙashi. Muka mayar, muka rufe."

"Hajiya, ki wuce, kina kashe mini kasuwa."

"Kasuwa? Kakan wani aka tone, aka bar shi a rana!"

Wataƙila ta taɓa koyarwa, don irin nunin malamai take yi masa da yatsa. Baturen ya tambayi abin da take faɗa, Rabiou ya ce yabon kayan take yi. Nan raina ya ɓaci, na fassara wa Baturen komai. Ya janye hannu, ya goge a wando.

Ita kuwa ta cire gyalenta, ta lulluɓe tulun kamar gawa, ta kama hanya. Rabiou yana ta zagi, amma har taksi ya zo ya kasa yaye gyalen.